Ƙirjin Gwangwani

Mai Laima irin mutanen nan ne da in ka tsawaita musu gaisuwa sai su shafa aljihu. Maiɗakinsa ta ce da halinsa ta same shi, kuma shekara arba'in da ɗoriya tana zaune da shi ba ta ga ya ragu ba. In aka yaba masa riga, sai ya ce me ake nema. In aka wuce ba a yaba ba, sai ya ce akwai abin da ake ɓoye masa. Duk da haka ba mugu ba ne, ba wanda zai ce ya taɓa cin masa ko allura. Shi dai bai yarda da kowa ba ne kawai, kuma yana da abu guda a duniya da yake ganin kowa shi yake hari.

Shagonsa yana can ƙarshen layin masu gyare-gyare, tsakanin tela da mai faci, ɗan ɗaki ne da in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango biyu. A tsakiya ya rataya wani tsohon buhu ya raba shi gida biyu. Gaban buhun na kowa ne: benci mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗun, kwandon murafen kwalba, tarin silifas da suka rabu da 'yan'uwansu, cokula masu yatsu da suka lanƙwashe, da ƙasusuwan laima a ɗaure dami-dami har rufi. Bayan buhun kuwa ba mahaluƙin da ya taɓa sa ƙafa. Tela, da ya shekara ashirin yana maƙwabtaka da shi, yakan ce ya fi sanin cikin banki a kan bayan buhun nan, alhali bankin ma sau ɗaya ya taɓa shiga, neman inuwa.

Gyaran laima ya koya tun yana saurayi, zamanin da mutum kan sayi laima guda ya riƙe ta har furfura, in ta karye ya kawo a yi mata ɗori. Hannunsa na da kyau, da damina layi ake yi a ƙofarsa. Daga baya aka cika kasuwa da wasu laimomi marasa ƙwari waɗanda iska ɗaya ke juyawa ciki waje, mutane kuma suka ga jefarwa ta fi gyara sauƙi. Sana'a ta mutu a hannunsa yana ji yana gani. Shi kuwa ba ya iya ganin ƙarfe a ƙasa ya wuce, don haka duk laimar da aka yar a kwata ko a bola sai ya tsinto, ya yage yadin, ya ajiye ƙashin, bai ma san me zai yi da shi ba. Wata rana da zaman banza ya ishe shi, yana ta naɗe wani ƙashi yana buɗewa, sai ya lura abin nan ai gwiwa ce sak. Kafin la'asar ya haɗa biyu da gwangwanin madara, ya sassaƙa kai daga dunduniyar silifa, ya sa cokula a matsayin hannuwa, ya ɗaura zare. Abin ya yi taku uku a kan benci ya kife. Mai Laima ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin daɗi irin na taku ukun nan ba.

Daga nan masu tsintar bola suka san shi. Duk wanda ya ci karo da matacciyar laima ko buta mai huji sai ya ajiye masa, shi kuma ya karɓa yana juya ta yana tambayar a ina aka samo, kamar mai binciken kayan sata. Da tarkacen nan ya tara jama'a guda: ɗan sanda mai hular murfin tukunya, likita da allurarsa ta famfon keke, akuya mai jikin buta, da wani attajiri da cikinsa tulun fitila ne. Yakan kai su filin makarantu da ɗakin yara na asibiti. Wanda bai gan shi yana wasa ba bai san shi ba. Da zarar ya kama sandar zare sai ya zama wani mutum, ya yi muryar akuya, ya yi ta attajiri, ya yi dariya har a ga dasashinsa. Ana gama tafi kuwa, kafin yaro na farko ya miƙo hannu, ya tura su cikin jaka ya zuge, fuskar nan ta koma yadda aka san ta.

Zargin nasa yana da tushe, a yi masa adalci. A farkon lamarin ya taɓa ƙera wani kada na waya mai taya, in an tura shi sai ya riƙa buɗe baki yana rufewa. Wani abokinsa na ƙuruciya ya yi kwana uku yana zuwa, ya zauna a benci, ya sha shayinsa, yana ta cewa kai, amma Allah ya ba ka kai. Wata bai cika ba kasuwa ta cika da kadoji, har da masu fenti, ba kuma wanda ya ambaci Mai Laima. Ranar da ya ga kadan a hannun 'ya'yan maƙwabta, ranar ya rataya buhu. Abokin ya daɗe da rasuwa, amma har gobe in aka ambace shi sai Mai Laima ya ce Allah ya jiƙansa da wata murya da za ka ji ba duka ya yafe ba.

Abin da yake ɓoyewa bai fi tafin hannu ba. 'Yan tsana masu zare ba shi ya fara su ba, kowa zai iya sa su taka ko su ɗaga hannu. Amma nasa in ya tsayar da su cak ba sa sandarewa. Kafaɗun sai su ci gaba da ɗagawa suna sauka a hankali, kai kuma ya juya a makare, kamar wanda aka kira daga baya yana shawarar ko ya amsa. Yara rantsuwa suke yi numfashi suke. Sirrin kuwa mataccen kwaɗon ƙofa ne. Yakan rataya shi a cikin gwangwanin ƙirji a jikin guntun ƙashin laima, ya haɗa shi da wuya da kafaɗu da siririyar waya, ya naɗe shi da tsumma don kada ya yi ƙara. In jiki ya tsaya, kwaɗo ya ci gaba da lilo. Shekara bakwai ya yi kafin ya gano tsawon da ya dace da nauyin da ya dace. In ya gama sai ya bi bakin gwangwanin ya liƙe da dalma, yadda ba mai buɗewa sai ya fasa. Kwaɗon ma ba a layinsu yake nemowa ba. Mota yake hawa zuwa wata unguwa, ya haɗa da ƙusoshi da tarkacen da ba ya buƙata, don kada mai sayarwa ya gane wanne ne ya kawo shi.

Cikin 'ya'yansa biyar, Auta ce kaɗai abin ya shiga ranta. Tun tana 'yar shekara tara take zama a gaban buhu tana ɗinka wa 'yan tsanan riguna da ƙyallayen da tela ke zubarwa. Sau ɗaya ta taɓa tambaya, "Baba, mene ne a ciki?" Ya ce, "Ɗinka abin da aka ba ki." Da ta kai sha biyar, ya fito daga bayan buhu ya tarar ta kara ɗaya a kunne tana girgizawa. Ya fizge, ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwarta. Daga nan ba ta sake tambaya ba, shi kuma rashin tambayar ya fi tambayar damunsa, domin a ganinsa ba mai daina tambaya sai wanda ya samu amsa. Ta girma, ta zama malamar makaranta, ta auri wani makaniki, suka tare a ɗaya gefen gari. Ranar hutu takan zo da 'ya'yanta, ta gaishe shi daga bakin ƙofar shago, ta wuce gida wajen uwarta.

Yana da shekara sittin da takwas hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko sai in ya ɗauki kofi, daga baya har dalma ta fara ɗiga inda bai aike ta ba. Ya riƙa cusa hannun a aljihu in mutane na kusa, yana ganin ya ɓoye, alhali duk layin an sani. Wata safiya maiɗakinsa tana kallon shayi yana zuba masa a riga ta ce, "Malam, ka nuna wa yarinyar nan abin nan mana tun kana iyawa. In ka tafi da shi, wa ka yi wa?"

Ya ajiye kofin. "Ita ta aiko ki?"

"Ƙwarai. Har da takarda ta rubuto, ta buga hatimi." Ta ja tsaki ta kwashe kwanuka. "Kai dai Allah ya shirye ka."

Bai ɗauki maganar wasa ba, ya adana ta.

Ba a yi wata biyu ba wata mata ta tsayar da mota a bakin layi, ta tako har shagonsa tana tsallake kwata. Tana da tabarau mai kauri da ƙaramin littafi a hannu, kuma tun daga nesa Mai Laima ya tsani littafin. Ta gaishe shi da ladabi, ta ce ita ke kula da wani zaure a tsakiyar gari inda ake baje aikin masu fasaha, bana kuma sun ware wata guda don masu ƙera abubuwa da kayan da aka zubar. Tana son 'yan tsanansa goma, a rataye su mutane su gani.

"Wa ya ba ki labarina?"

"Haba Baba, ai kai ba ɓoyayye ba ne. Amma 'yarka ce ta kwatanta mini shagon. So muke mu haɗa ku, uba da 'ya, naka a wannan bango, nata a wancan."

"Nata me?"

Mai Tabarau ta dube shi ta saman gilashi, ta gane ta taka inda bai kamata ba, amma magana ta riga ta fita. Ta ciro waya ta nuna masa. A cikin bidiyon wata doguwar 'yar tsana ce, tsohuwa cikin farar riga har ƙasa da kwano a kanta, tana tafiya a wani tsakar gida da ya gane na Auta ne. Ta yi taku biyar ta tsaya. Kafaɗunta suka sauka a hankali, suka ɗaga, can kai ya karkata.

Mai Laima ya matso kusa da wayar. Ya ce ta maimaita, ta maimaita. Ya ce ta ƙara. A na uku ya daina kallon tsohuwar, ya koma kallon hannuwan da ke sama riƙe da sanda, hannuwan da ya sani tun suna koyon zura zare a allura. Abin da ya fi ci masa rai shi ne numfashin tsohuwar ya fi na nasa laushi. Wato an sace, an kuma gyara. Ya ce wa matar zai yi shawara, ya tsaya a ƙofa yana kallonta har ta shiga mota, don ya ga ko za ta tsaya wajen tela.

Ranar bai yi aikin komai ba. Ya sauke 'yan tsanansa kaf ya jera a benci, ya bi dalmar kowanne da farce yana neman inda aka taɓa. A ƙirjin ɗan sanda ya ga wata 'yar lotsawa, ya zauna yana kallonta har rana ta karkata, ya kasa tuna ko shi ya yi ta. Sai ya tuno shekarar da aka yi masa aikin ido, ya kwana goma sha biyu a asibiti. Ya rufe shago ya nufi gida.

"Lokacin da nake asibiti, wa kika ba makulli?"

Maiɗakinsa tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wane makulli? Wanda ke wuyanka har kan gado? Likita ya yi ta fama kafin ka yarda a cire, ka ce sai dai a sa maka a ƙarƙashin cinya?"

"Ana iya yanko wani."

"A ƙarƙashin cinyar taka?"

Sai ya ce, "Kin san Auta tana yin su."

"Na sani. Shekara shida ke nan. Kowa ya sani a gidan nan, har jikokinka."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Wa zai gaya maka ya shiga uku? Ga shi yau ka ji, dubi abin da ka fara da shi."

Washegari ya bi bangon da ke tsakaninsa da tela, ya gano wani ramin ƙusa, ya toshe da takarda. Tela yana jin motsin ya ɗaga murya ta bayan bango ya ce a bar masa ɗan ramin mana, ta nan iska ke shigo masa. Shi da ko ramin allura ba ya gani sai ya fita rana, me zai hango a wannan duhun? Mai Laima ya ƙara takarda.

Ranar hutu Auta ta zo, wannan karon ta shigo har benci ta zauna, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce ta ji matar zauren ta riga ta, ta so a ce ita ta fara faɗa masa.

"Na sha ɗaukar hanya in zo in nuna maka, Baba. Sai in tuna fuskar da za ka yi, in koma."

"Wace fuska?"

"Wannan."

Bai yi dariya ba. Ya juya filaya a hannunsa na hagu, na daman yana aljihu. "Me kika sa mata a ƙirji?"

Auta ta yi murmushi. "Kai ka taɓa gaya wa wani naka? Ka zo zauren dai ka gani da idonka. Ina so ka gani, Baba."

Wani uban zai ji tsokana ce ta 'ya. Shi a kunnensa amsa laifi ce, har da rainin hankali a kai. Washegari ya aika wa Mai Tabarau cewa ya amince. Ba farin bangonta ya dame shi ba, so yake ya kusanci tsohuwar nan. Mako uku ya yi yana shirya abin a ransa. Ba zai tona mata asiri a gaban jama'a ba, 'yarsa ce. Zai dai ciro kwaɗon, ya kira ta gefe, ya ɗora mata a tafin hannu ba tare da ya ce komai ba, don ta san tsufa ya yi, ba wauta ba.

Ana jibi buɗewa aka kai kaya, da hantsi. Zauren fari fat, ƙasa da bango, yana warin sabon fenti, ga ƙananan fitilu a jere a rufi. Akwai aikin wasu: wani ƙaton kifi na murafen roba, wata kujera ta tsofaffin madannan kwamfuta, wani labule da aka saƙa da leda. Ma'aikata biyu suka sa farar safar hannu kafin su taɓa 'yan tsanansa. Abin ya so ba shi dariya, kayan da ya tsamo daga kwata. Sai kuma ya ce ƙila don kada a ga shatin yatsunsu ne, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya har aka rataye na goma.

Tsohuwar tana ɗaya bangon ita kaɗai, bayanta kusa da bango, tsawonta ya kai masa kafaɗa. A kusa ta fi kyau, kuma hakan ya ƙara ɓata masa rai. Fuskar da tsohon takalmin fata aka yi ta, tsattsagewar fatar ta zauna daidai inda tsufa ke zama. Rigar gidan sauro ne da aka wanke tas, aka ninka, aka ɗinka hawa-hawa da ƙananan ɗinkin da ko a mafarki zai gane na Auta ne. Mai Tabarau ta ce shekara biyu ta yi a kanta, ita ce ma a jikin takardar gayyata.

Da azahar ma'aikata suka fita cin abinci. Mai Tabarau ta shiga ofis tana amsa waya, Auta kuma ta sauka ɗauko sauran kayanta a mota. Zauren ya rage daga shi sai tsohuwar.

Ya taɓa kafaɗar da yatsa. Ta sauka, ta daɗe kafin ta dawo. Ya kara kunne a ƙirjin ya ɗan karkata ta, ba ƙara. To ai dama, har dabarar tsumman an ɗauka. Ya yaye wuyan rigar, ya ga ƙirjin babban gwangwani ne mai kusurwa huɗu, gabansa sumul. Ya waiga ƙofa, ya ciro almakashin gwangwani daga aljihu. Niyyarsa ya ɗan tsaga ta ƙasa, ya zaro abin, ya mayar ya liƙe daga baya. Wanda ya shekara talatin yana liƙi ai wannan ba zai gagare shi ba. Ya kafa bakin almakashin ya danna. Hannun ya zaɓi wannan lokacin ya yi rawarsa, ƙarfen ya zarce ciki ya huda wani abu mai laushi.

Da farko ɗigo ne a yatsansa. Sannan abin ya ɓalle, baƙi ƙirin, mai kauri, baƙin man da makanikai ke juyewa daga inji. Ya bi farar rigar hawa bayan hawa yana shiga ramukan gidan sauron, ya sauka ƙasa ya fara yaɗuwa. Mai Laima ya sa tafin hannu ya toshe, ya ɓullo ta tsakanin yatsu. Da wani ne da nan zai tsaya ya yi kira. Shi kuwa tunda ɓarna ta riga ta auku, sai ya ƙara yankawa, ya ɓare gwangwanin, ya zura hannu.

Ba kwaɗo. Wata gorar roba ce mai faɗi a kwance a kan ƙusar fedar keke, a daidaice kamar sikeli. Rabinta mai ne. In jiki ya karkata sai man ya gangara a hankali zuwa ɗaya gefen, ya ja kafaɗa da wuya. Ya lalubi sama, ya lalubi ƙasa, ya bi kusurwoyi huɗun da yatsa. Ya tsuguna ya duba gwiwoyin, sarƙar babur ce gaɓa uku-uku. Daga kai har ƙafa ko ƙashin laima ɗaya babu a jikinta.

Ya zauna a tsugune yana jiran ya ji sanyin ran wanda ba a yi wa sata ba, bai zo ba. Abin da ya zo wani baƙin ciki ne da bai shirya masa ba. Mako uku yana dafa fushi, ashe a ƙarƙashin fushin so yake ya tarar da kwaɗon. So yake a ce abin da ya kashe shekara bakwai a kansa yana nan a wani ƙirji da ba shi ya liƙe ba, a hannun da ba ya rawa. Ya tsare abinsa da kyau, ba wanda ya ɗauka, yanzu kuma ba inda yake a duniya sai cikin gwangwanayensa da cikin kansa.

Ƙarar kwali da ya faɗi ce ta sa ya juya. Auta na tsaye a bakin ƙofa, ƙananan 'yan tsananta sun watse a gabanta. Ba ta yi ihu ba. Ta tako a hankali tana kallon rigar, ta kai hannu kamar za ta taɓa, ta fasa.

"Baba."

"Babu kwaɗon," ya ce. Shi kansa bai san zai faɗa ba.

"Wane kwaɗo?"

"Na ƙofa. Wanda ake ratayawa a ciki, ya riƙa lilo."

Ta dube shi, ta juya ta dubi 'yan tsanansa goma a ɗaya bangon, ta daɗe tana kallonsu. "Kwaɗo ne ashe," ta ce a hankali. "Ni duk shekarun nan na ɗauka ruwa ne. Na yi ta gwada ruwa yana yi mini sauri, sai baban yara ya ce in gwada mai."

Ta kama tsohuwar ta kafaɗa ta juya ta. A bayan, rigar tana da tsaga da ɗan maɓalli, a ƙarƙashinsa kuma ƙaramar ƙofa ce a jikin gwangwanin, da ƙugiyar waya. Ta sa yatsa ɗaya ta ɗaga ƙugiyar, ƙofar ta buɗe.

"Ɗalibaina kullum suna leƙawa," ta ce. "Ai na ce maka ka zo ka gani."

Mai Tabarau ta fito daga ofis, ta dafe ƙirji tana salati, tana tambayar ko zai wanku kafin jibi. Auta ta ce baƙin mai ba ya fita a gidan sauro, a taimaka mata dai da tsumma da yashi kada ya kai ga aikin mutane. Hawaye na zuba mata, ta goge da bayan hannu ta bar baƙin shati a kunci. Ta durƙusa ta yage kwalin ta fara tare man.

Mai Laima ya miƙe, hannuwansa biyu na ɗiga. Ya buɗe baki ya ba da haƙuri, sai wata magana daban ta fito.

"Ƙashin da ake ratayawa, kada ya wuce yatsa ɗaya da rabi. In ya wuce sai ya riƙa bugun gwangwani. Kwaɗon kuma ƙarami ake nema, na akwati ya yi sauƙi, na shago ya yi nauyi, na ɗaki shi ne daidai." Yana faɗa da sauri, abin da bai taɓa furta wa kowa ba, a gaban baƙuwa da littafinta. "Wayar wuya ita ake fara ɗaurawa, sannan ta kafaɗa. Auta, kina ji? In kika fara da ta kafaɗa..."

"Ina ji, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba. Ta tattaro gefen rigar da bai ɓaci ba tana naɗewa, ta ja, ya ƙi tahowa. "Ɗaga ƙafarka, kana taka mata riga."

Ya ɗaga.